Shekarar da Jan-baki Bai Ci Shinkafata Ba

Da sunan Allah nake farawa, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sunana Haladu. Malamin firamare ne ni a Haɗeja, ina kuma taɓa noman shinkafa a fadama ta wajen Kirikasamma, don albashin malami ba ya raka mutum ko tsakiyar wata. Labarin jinyar ɗana Bukar zan bayar. Ɗan fari ne, a da ko sunansa ba na iya kamawa a gaban mutane, sai dai in ce "yaron nan". Asibiti ne ya cire min wannan kunya, don mai yankar kati babu ruwansa da ɗan fari. "Sunan mara lafiya!" zai ce, ga layi a bayanka, ko ka faɗa da ƙarfi ko ka matsa gefe. Na rubuta ne saboda iyaye irina, waɗanda abu zai faru a gaban idonsu su tsaya suna tafi.

Wanda bai yi noma a fadamarmu ba, sai na fara yi masa bayanin jan-baki. Ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma ba ya tafiya shi kaɗai. A cikin kacalla yake kwana, ciyawar nan da ta cinye mana bakin kogi, da gari ya waye ya taso kamar hadari. In shinkafa ta fid da kai, ƙwayarta na ruwa-ruwa, ka ba shi awa guda, to ka gama noman bana. Abin da muke yi shi ne mu kafa 'yar rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, mu ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, mu rataye gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Mutum ya hau sama tun kafin rana ta fito, yana jan igiya yana ihu har ta faɗi, kusan kwana arba'in. In ka ratsa fadama a wannan lokaci, kowace gona da mutum guda a sama yana daka tsawa, yana zagin iska, yana wurga majajjawa inda ba kowa. Baƙo zai rantse gari guda ne ya zare. Mu kuwa aiki muke gani. A wannan ramin na faɗa.

Bukar yana da shekara goma sha tara a lokacin. Ya gama sakandare, sakamako ya fito ba yadda muka zata ba, alhali yaro ne da ba ya wuce na uku a aji. Daga nan ya daina zuwa ƙwallo. Ya daina zama da abokansa a bakin titi. Ya samu 'yar takarda ya manne idon kyamarar wayarsa. Mahaifiyarsa, Falmata, ta same ni ta ce, "Malam, yaron nan fa ba ya barci. Kuma in na aike shi kanti sai ya zagaya ta bayan gida, wai mutane na kallonsa."

Na ce, "Zaman banza ne. Jiki bai gaji ba, ina barci zai zo?"

Ana haka shinkafar rani ta fid da kai. Masu gadin tsuntsu suka tsawwala kuɗi. Na ga ga ƙato a gida ba ya barci, ga gona na neman wanda ba zai yi barci ba. Har yaba wa kaina dabara na yi. Na kai shi ƙauye wurin yayana Modu, na nuna masa rumfa, na danƙa masa igiya.

Ya yi aikin da ba a taɓa gani ba a fadamar nan. Kowa na sauka da tsakar rana, lokacin da tsuntsu ke shiga inuwa, a ci abinci a ɗan miƙe. Shi ba ya sauka. Ko babu tsuntsu ɗaya a sama yana ihu. Maƙwabtan gona suka riƙa cewa, "Malam Haladu, wannan ɗa naka ai ya fi mutum uku." Wani har ya ce zai ba ni kafin alƙalami tun yanzu, baɗi a ba shi aronsa. Kaina ya kumbura.

Wata Asabar na je dubiya. Tun daga nesa na ji muryarsa. Masu gadi ba abin da ba sa faɗa: "Kai! Haa! Ɓarayin banza!" Amma shi cewa yake, "Na ce ku yi shiru! Ban yi ba! Wallahi ban yi ba!" Na tsaya a kan kunyar gona na yi dariya, na ce yaron nan har salo yake ƙirƙirowa. Wa ke ce wa tsuntsu "ban yi ba"? Da kunnena na ji, na yi dariya, na hau babur na koma gida. Har in mutu ba zan manta dariyar nan ba.

Buhu talatin da biyu na ɗauka a gonar da ba ta taɓa ba ni ashirin ba. Jan-baki ya ci na hagu, ya ci na dama, nawa ko zangarniya bai taɓa ba.

Makon farko da dawowarsa gida, murya ta dishe, ido ya faɗa. Na ce gajiya ce. Sai ya ce wa ƙanwarsa ta kashe rediyo, rediyon kuwa a kashe yake. Ranar Alhamis bayan la'asar ina gyaran injin ban-ruwa a zaure, na tayar da shi in ji ko ya daidaita. Bukar ya zo ya tsuguna nesa da ni, kamar baƙo.

Ya ce, "Baba, in injin nan yana aiki, kai ma kana jin ana magana a cikinsa?"

Na ce, "Wace irin magana?"

"Sunana suke kira. Wai na yi wani laifi, kowa ya sani." Ya sunkuyar da kai. "Na san ba gaskiya ba ne, Baba. Inji ba ya magana. Amma ina ji."

Na kashe injin. Abin da ya zo min a rai kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Ina yaro na san shi a wani ɗaki a bayan gida, da mari a ƙafa, ana tura masa tuwo ta ƙarƙashin ƙyaure. Mun taso muna jin manya na cewa da bai shiga kasuwa ba da ya warke, wai mai taɓin hankali in ya taka kasuwa shi ke nan, ba ya dawowa. Ni malamin makaranta ne, ina koya wa yara kimiyya, amma ranar nan abin da kawai nake gani shi ne ɗana da mari a ƙafa.

Mako na biyu da na uku na 'yan'uwa ne. Yaya Modu ya zo ya ce, "Haladu, ba sai an faɗa maka ba. Yaro ya wuni a kan ruwa da tsakar rana kwana arba'in, ai mutanen ruwa ne suka taɓa shi." Aka kawo rubutu, aka kawo hayaƙi, aka kawo mai ruƙiyya daga garin Malam Madori. Ban raina addu'a ba, har gobe ina yi. Amma hayaƙin nan tari kawai ya sa shi, kuma mai ruƙiyyar da ya daka wa aljanin tsawa, yaron ne ya firgita ya kwana biyu bai ci abinci ba. Surukata ta aiko cewa kada kowa ya ji, a bar kaza cikin gashinta. Wani maƙwabci ya ja ni gefe ya ce in binciki aljihunsa, yaran yanzu ƙwaya suke sha. Na bincika kuwa, kamar ɓarawo, yana banɗaki. Ba abin da na samu sai auduga guda biyu da yake toshe kunne. Buhu biyu suka tafi a waɗannan makonni.

Wanda ya tsamo ni abokin aikina ne, Malam Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, mai koyar da lissafi. Ya fi shekara ashirin a Haɗeja, ya fi ni sanin inda ake sayar da kifi mai kyau. Ya kama ni a ofis ina sa wa littafin yaro ɗaya maki sau biyu.

Ya ce, "Malam Haladu, ko dai ka ƙara masa maki ne don ɗan hedimasta ne, ko kuma akwai abin da ke cinka."

Ban san lokacin da na faɗa masa komai ba. Ya ce, "Ƙanwata haka ta fara. Shekara biyu muna kai ta addu'a, muna cewa gobe. Ranar da muka kai ta asibiti likita ya ce ina kuke tun tuni? Addu'a da asibiti ba sa faɗa da juna. Yaron da ke cewa ya san ba gaskiya ba ne, ai da sauransa. Ka yi sauri tun yana cewa haka."

A mako na huɗu muka fara da asibitin kusa. Wuni guda muka yi, aka ɗebi jini, aka auna zazzaɓin sauro da taifot, don a ƙasar nan ko ƙaya ce ta soke ka sai an auna maka su. Da yamma aka ce wannan ba nasu ba ne, aka ba mu takarda zuwa wani asibiti a Kano.

Muna idar da sallar asuba muka shiga mota, mu uku da Malam Yohanna. Awa uku a hanya, Bukar na maƙale a jikin taga, ya ja hula ya rufe kunne. A can muka tarar da layi ya fito har waje. Na ga wani saurayi an ɗaure masa hannu da rawani, uwarsa na share masa baki. Na ga wata yarinya na dariya ita kaɗai. Na juya na tare wa Bukar gani da jikina, ban sani ba ko shi nake karewa ko kaina. Sai bayan azahar aka kira mu. Kafin mu ga likita aka ce sai an auna fitsari a ga ko yana shaye-shaye. Na tayar da jijiyar wuya, na ce ɗana ko sigari bai taɓa riƙewa ba. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, kowa haka yake cewa. Je ka biya." Na biya. Sakamako ya fito fes, na so in koma in nuna mata, ta riga ta tashi.

Likitan ya fi awa guda da Bukar shi kaɗai, sannan ya kira ni. Ya dubi katin ya ce, "Daga Haɗeja? To kun san jinga."

Na ce mun sani, duk shekara muna kanta, ita ke tare ruwan kogi kada ya shigo mana gari.

Ya ce, "Ruwa ya taso wa yaron nan, amma bai karya jinga ba tukuna. Wasu irinsa ruwan kan janye da kansa, wasu kuma yakan shigo gari. Ba ni da hanyar sanin nasa. Abin da na sani, ɗaurin jinga ya fi kwashe gari sauƙi."

Ya ce mu riƙa zuwa duk bayan mako biyu, aƙalla wata shida. Ya rubuta 'yar ƙwaya ƙarama ta dare. Ya ce dole ya yi barci, kada a bar shi cikin kaɗaici. Da na ba shi labarin rumfar gona, ya ajiye biro ya dube ni kawai. Da ma zagina ya yi.

Babban maganin kuwa, wai zama ne da wata matashiyar ma'aikaciya. Ba ta yin allura, ba ta rubuta magani, magana kawai suke yi da yaron, kuma a biya. Da na haɗa kuɗin motar mutum biyu, da na ganin likita, da na ƙwaya, da na zaman nan, da abin da za mu ci a hanya, kowace tafiya na cin kusan buhu guda.

Amma abin ya yi aiki, ba zan ci amanarsu ba. A tafiya ta biyu ya fara barci. A ta uku ya cire audugar. Matashiyar nan ta koya masa wata dabara: in ya ji wani abu, kada ya yi gardama da shi, kada ya ɓoye, ya tambayi mutum ɗaya da ya yarda da shi ko shi ma ya ji. Ta ce ya zaɓa. Ya zaɓe ni. Ni da ban taɓa zama da shi a tabarma ɗaya ba saboda kunyar ɗan fari, ni da na kai shi rumfar. Daga ranar, sau biyar, sau goma a wuni, sai ya matso ya ce, "Baba, ka ji?" In na ce na ji, mai tallan manja ne, sai ya saki jiki. In na ce ban ji ba, sai ya gyaɗa kai ya ce, "To nawa ne," ya je ya yi alwala ko ya ɗauki tsintsiya har abin ya wuce.

Wajen tafiya ta biyar ya koma ƙwallo. Yana cin tuwo har da neman ƙari, yana tsokanar ƙannensa. A daidai nan damina ta kawo kai. Ga taki, ga iri, ga kuɗin makarantar yara, ga kuɗin mota ya ƙara tashi. Yaya Modu ya zo ya ga ana fitar da buhu, ya riƙe haɓa.

Ya ce, "Wai Haladu, da gaske shinkafa kake sayarwa don a yi hira da yaro? Kawo shi wurina, ni zan yi masa hirar kyauta har da shayi. Kuma likitan da bakinsa ya ce ciwon bai zo ba. Wa ka taɓa gani yana jinyar ciwon da bai zo ba?"

Na yi dariya, amma maganar ta zauna min. Na dubi Bukar yana wanke takalmin ƙwallo, lafiya lau. Na ce bari mu tsallake tafiya ɗaya, sai an gama shuka. Ɗaya ta zama biyu. Ƙwaya ta ƙare, na ce ai yana barci. Falmata ta ce, "Malam, wata shida fa aka ce." Na ce mata da aljihuna za a yi wata shidan ko da nata? Malam Yohanna ya tambaye ni sau biyu, na ce masa an ɗaga mana ranar ne. Ƙarya na yi masa.

Sai kogi ya cika. Gari duka ya koma kan jinga, ana cika buhuna da ƙasa ana jerawa. Kwana da kwanaki ina can, laka har gwiwa, ina yi wa matasa faɗa cewa ba a jira sai ruwa ya shigo. Da bakina nake faɗa. A cikin waɗannan kwanaki Bukar ya daina cewa "Baba, ka ji?" Na lura, har na yi wa Falmata albishir. Na ce, "Kin gani? Ya daina tambaya. Ya warke." Kallon kitse nake wa rogo. Ya daina tambaya ne don ya daina shakka.

Ranar da abin ya fashe ina cikin aji. Wayata ta yi ƙara, na ji Falmata na haki. "Malam, ya fita! Ya ɗauki igiyar gwangwanayen nan ta gona, ya fita ba takalmi. Ya yi hanyar kasuwa."

Kasuwa. Ban san yadda na fita daga ajin ba. Malam Yohanna ya ga fuskata, bai tambaye ni komai ba ya tayar da babur. Muna tafe ina cewa ya ƙara wuta, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, rabi ba na ƙarasawa. Kafin mu gan shi muka ji shi. Ƙarar gwangwanaye a kan kwalta, da muryar nan da na yi wa dariya a gona. Yana tsakiyar titi, kansa a sama, yana jan igiya yana ihu, yara sun biyo shi a baya suna tafi. Tsakaninsa da bakin kasuwar kifi bai fi taku ashirin ba.

Na diro tun babur bai tsaya ba. Na ƙwala masa kira, "Bukar! Bukar!" Ranar na fara kiran shi kansa da sunansa a bainar jama'a. Na rungume shi ta baya, muka zube tare. Ƙarfinsa ya fi nawa, jikinsa zafi kamar garwashi.

Ya ce, "Baba, sake ni! Sun taso, ba ka gani? Za su cinye garin! Ni aka ce in tsare!"

Sama fes take, ko tsuntsu ɗaya babu. Wata mai sayar da bandar kifi, ban san ta ba har yau, ta watsa wa yaran nan ruwan wanke-wanke ta kore su, ta cire mayafinta ta rufa masa a kai. Malam Yohanna ya kwance igiyar daga hannunsa a hankali, yana cewa, "Kawo in riƙe maka, ni zan tsare." Da haka muka samu ya shiga mota.

Sati uku aka kwantar da shi a Kano. Ina shiga wurin likita na ce, "Likita, bai shiga kasuwar ba. Na tare shi a bakin ƙofa." Ina faɗa ina kuka, gemai-gemai da ni.

Ya ce, "Malam, ko ya shiga ana samun sauƙi. Kasuwa ba ta da laifi. Wata biyun da ba ku zo ba, su ne abin dubawa." Sannan ya ce ba zai iya rantsewa cewa da mun ci gaba da zuwa abin ba zai faru ba, amma da an gani da wuri, da wataƙila ba a kai ga titi ba. Na so ya rantse ta ko wane ɓangare, in samu inda zan ajiye zuciyata. Bai yi ba.

Satin farko bai san ni sosai ba. An yi masa allurai, ya wuni yana barci, in ya tashi wuyansa ya sandare, yawu na zuba. Na ce sun kashe min ɗa da magani, na yi rigima har aka kira mai gadi. Washegari aka sauya ƙwayar, wuyan ya saki. A baranda nake kwana, sauro ya yi biki a kaina. Maganin da aka rubuta sau biyu ana cewa babu a kantin asibiti, sai a waje, kuma farashin safe daban, na yamma daban. Akwai ma'aikacin da in ka yi masa tambaya kamar ka zage shi. Akwai kuma wata dattijuwar nas da take ba Bukar abinci a baki tana ce masa "ɗana", ta hana a ɗaure shi ranar da ya firgita, ta zauna da shi har ya lafa. Allah ya saka mata da alheri.

Kuɗin gado, da allurai, da gwaje-gwaje, da abinci, da zirga-zirgar Falmata, suka lashe abin da ya rage na shinkafar nan tas. Na sayar da injin ban-ruwa a kan rabin kuɗinsa, don mai saye ya ga idona. Tafiya bakwai ta rage mana a wata shidan farko, buhu bakwai ke nan. Na yi rowar bakwai, na biya da rumbu da inji. Shinkafar da ciwonsa ya tsare min, ciwon ya zo ya karɓi abarsa.

A sati na uku, ina zaune bakin gadonsa ina ɓare masa lemo, wani abu ya faɗi a ɗakin gaba. Ya juyo a hankali ya ce, "Baba, ka ji?" Na ce na ji, faranti ne. Na fita baranda na yi sujada.

Yau shekara guda da 'yan watanni. Yana shan magani kullum, kuma yanzu ba na wata shida ba ne, likita bai sa rana ba. Ya yi ƙiba, ya rage sauri, wani lokaci sai ya yi shiru ya daɗe. Ya sake zana jarrabawa, Malam Yohanna ne ya yi masa bitar lissafi, ko sisi bai karɓa ba. Kuɗin Kano nake fara warewa ranar albashi, kafin gishiri. A unguwa akwai masu nuna shi da baki, na san su ɗaya bayan ɗaya, ina gaishe su. Tsoro bai bar ni ba. In na ji ƙarar gwangwani a titi, ko yaro ne ke wasa, sai na fita na leƙa.

Ga abin da zan ce wa iyaye. In yaro ya daina barci, ya janye daga mutane, ya ce yana jin abin da ba ku ji, kada ku jira ya cire riga. Kuma in an fara zuwa asibiti ya samu sauƙi, sauƙin nan ba sallama ba ce. Masu iko kuma su ji tsoron Allah su kawo irin wannan kulawa kusa, don ba kowane uba ke da buhu talatin da zai ƙona a hanyar Kano ba.

Da rani ya zagayo, Yaya Modu ya turo min injinsa a kan amalanke. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba, haka muke ba juna haƙuri a gidanmu. Na noma rabin gonar. Da shinkafa ta fid da kai, mutumin nan da ya so ba ni kafin alƙalami ya zo har gida neman aron Bukar. Allah ne ya sa akwai mutane a zauren, da na ci mutuncinsa. Ni na hau rumfar da kaina a hutun makaranta, Yaya Modu na karɓata. Kwana uku muryata ta mutu, ga ciwon baya, tsuntsu kuwa ya raina ni, har kan igiyar yake sauka.

Wata ranar Laraba Bukar ya roƙa a bar shi ya kawo min abinci. Na yi ta jan ƙafa, daga baya na yarda, bisa sharaɗin ba zai taɓa igiya ba. Ya hau ya zauna kusa da ni. Rana ta yi sanyi, fadama ta yi tsit, ina cin dambu yana ba ni labarin wani wasan ƙwallo. Sai ya tsaya a tsakiyar magana. Ya karkata kai. Ya kama hannuna ya matse.

"Baba, ka ji?"

Na kasa kunne. Ban ji komai ba. Na dubi sama, babu komai. A rumfar nan, a gonar nan, ni na sake kawo shi. Na ce a raina, ya Allah, kada ka kama shi da wautata sau biyu. Yana kallon bakina yana jira, kuma mun yi alkawari ba zan taɓa yi masa ƙarya a wannan tambaya ba. Na buɗe baki zan ce ban ji ba.

Sai ga shi can daga wajen kacalla, ƙasa-ƙasa, kamar ruwan sama a kan kwano daga nesa. Kunnen tsufa ne ya makara. Suka taso baƙi ƙirin, suka rufe gabas.

Na ce, "Na ji, Bukar. Wallahi na ji. Jan-baki ne."

Suka sauka a kan shinkafata, dubbai, igiya na hannuna ban ja ba. Bukar ya girgiza ni ya ce, "Baba, ja mana! Ci suke yi fa!"

Na ce, "Bari su ɗan ci."